Ƙarfen Soja, Ƙotar Maharbi

Manomin da ya je kasuwa sayen hauya, a kan ruwan kawai yake ciniki da maƙeri. Ƙota kuwa, sau da yawa shi zai nemi reshen aduwa ya sassaƙe ta daidai tsawonsa da ƙarfin damtsensa, ko ya kai wa masassaƙi ya tsaya a kansa har a gama. In ta karye bayan damina biyu sai a sake wata, ruwan yana nan. Wannan kalma ta ƙota ita Bahaushe ya ara ya ba itacen da ke riƙe da ƙarfen bindiga, wanda maharbi ke tokarawa a kafaɗa, ya kwantar da kunci a kansa, ya tallabe gabansa da hannun hagu. Aron ya dace fiye da yadda ake zato, domin a Amurka, ƙasar da ta fi kowace yawan bindigogi a hannun farar hula, an shafe fiye da shekara ɗari ana yi wa bindigar farauta abin da manomi ke yi wa hauya: a sayi ƙarfe daga masana'anta, a cire ƙotar da ya zo da ita, a sa masa wata. Sana'a sukutum ta tsiro a kan wannan ɗabi'a, ta ciyar da gari guda, ta durƙushe, ta kuma sake tashi da wata kama.

Mafarin abin yana wajen soja. A ƙarshen ƙarni na 19 ƙasashen Turai suka koma ga bindiga mai sakata, wadda ake ja da hannu a fitar da kwanson harsashi a tura sabo, kuma wadda ta fi shahara cikinsu ita ce Mauser ta Jamus, ƙirar 1898. Amurkawa sun kwaikwaye ta a bindigarsu Springfield ta 1903, kwaikwayon da ya kai har sai da gwamnatinsu ta biya kamfanin Mauser kuɗin haƙƙinsa. Ƙarfen waɗannan bindigogi ba shi da na biyu a zamaninsa. Amma ƙotar, ba don wani mutum takamaimai aka sassaƙe ta ba. An yi ta ne don dubban ɗaruruwan sojoji, dogo da gajere, kowa sanye da babbar rigar sanyi. Itacen ya rufe bututu kusan har baki, don kada ƙarfe mai zafi ya ƙona hannu, kuma don a sami wurin ɗaura banati. An yi wa gindinta takalmin ƙarfe saboda a riƙa buga ta a ƙasa wajen fareti, a fasa ƙofa da ita in ta kama. Duka-duka nauyin yakan kai kilo 4. Maharbin da zai wuni yana hawan dutse saboda harbi ɗaya tak bai ga amfanin rabin wannan itace ba.

Wanda ya fara jawo hankalin jama'a ga gyaran shi ne shugaban ƙasar da kansa. Theodore Roosevelt, tun yana kan mulki, ya sa ma'aikatar makamai ta gwamnati ta yi masa Springfield guda da ƙota irin ta farauta, bisa awon da ya bayar. Da ya bar mulki a 1909 sai ya ɗauke ta zuwa Afirka ta Gabas. Ya sauka Mambasa a watan Afrilu, ya ƙare tafiyar a Hartum a watan Maris na 1910, bayan shi da ɗansa Kermit sun kashe namun daji 512 da sunan tara wa gidan tarihi. Adadin yana sa mai karatu na yau ya girgiza kai, kuma da gaskiyarsa. Littafin da ya rubuta a kan tafiyar ya sayu ƙwarai, ya kuma yabi bindigar a cikinsa.

A wannan shekara ta 1910, a Los Anjalas, wani maƙerin bindiga ɗan asalin Jamus mai suna Ludwig Wundhammer ya sassaƙa wa marubuci Stewart Edward White da wasu abokansa sababbin ƙotoci a kan ƙarfen Springfield. Shi ne ya shahara da barin wani ɗan tudu a wurin da tafin hannun dama ke kamawa, don hannu ya cika, kuma har yanzu da sunansa masu sana'ar ke kiran wannan tudu. A Niyok kuma wani kafinta mai yin kayan ɗaki, Seymour Griffin, ya karanta littafin Roosevelt, ya sayi Springfield, ya yi mata ƙota da hannunsa. Mutane suka gani suka yi sha'awa, aikin dare ya zama sana'a. A 1923 ya haɗa kai da James Howe, gwanin ƙarfe daga ma'aikatar harsasai ta Frankford a Filadelfiya, bisa shawarar wani hafsan soja marubuci, Townsend Whelen, suka kafa gidan Griffin & Howe. A wurinsu Ernest Hemingway ya sayi Springfield ɗinsa a 1930, wadda ya tafi da ita farauta Tanganyika a 1933. Wannan dai aikin masu hali ne: a auna tsawon hannun mutum da faɗin fuskarsa kamar yadda tela ke awon riga, a zaɓi itace mai zane, a yi makonni ana sassaƙa.

Abin da ya sauko da al'adar zuwa ga talaka shi ne yaƙi. Kowane Yaƙin Duniya ya ƙare ya bar miliyoyin bindigogi jibge a rumbunan gwamnatoci, babu mai buƙatarsu. Bayan 1918 gwamnatin Amurka ta riƙa sayar wa ƴan ƙungiyoyin harbi tsofaffin bindigoginta a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Bayan 1945 kuma sojojinta suka koma gida da Mauser ɗin Jamusawa a matsayin ganima. Da yake bindigar ta fi jakar soja tsawo, sai su raba ƙarfe da itace, su sa zarto su yanke ƙotar a ƙarƙashin zoben ƙarfen da ke ɗaure ta da bututu, yadda in an sake haɗawa zoben zai rufe tabon. Sannan ƴan kasuwa suka shigo. Samuel Cummings, mai kamfanin Interarms, ya bi ƙasashen Turai a shekarun 1950 yana saye rumbuna ɗungurungum, yana loda su a jirgin ruwa zuwa Aleksandiriya ta jihar Birjiniya. Lee-Enfield ta Ingila, Mauser ta Jamus da ta Suwidin, Carcano ta Italiya, duk suka cika shafukan talla na mujallu. Da ƙasa da dala 20 (dalar Amurka nake nufi, ba tamu mai tamma biyar ba) mutum zai aika takarda ta gidan waya a kawo masa bindiga har ƙofar gida.

Turai ma ta yi irin nata. A Jamus, bayan yarjejeniyar Barsai ta 1919 ta taƙaita makaman soja, maƙera sun riƙa faɗaɗa cikin Mauser don ta ɗauki wani harsashi dabam da na soja, su rage itacen, ta koma ta farauta a idon doka. A Faransa, tun kafin haka, masana'antun Sant-Etiyen sun juya dubban bindigogin Gras, ƙirar 1874, zuwa na harbin tsuntsu da zomo, suka sayar wa manoma da araha.

Mai karatu na iya cewa, to mu fa? Wannan ambaliya ba ta iso ga maharbanmu ta wannan hanya ba, kuma da gangan aka tare ta. Yarjejeniyar Burusal ta 1890 ta hana sayar wa ƴan Afirka bindigogin zamani a duk faɗin ƙasar da ke tsakanin layi na 20 a arewa da na 22 a kudu, ta bar musu ta ƙanƙara da albarushin kasuwa. Damagaram da Katsinar Maraɗi da Adar duk suna cikin wannan shinge, kuma a zamanin Nasara ba a riƙe bindiga ta kirki sai da takardar kwamanda. Saboda haka maharbin karkara a nan bai sami ƙotar masana'anta da zai cire ba. Maƙeri ke yi masa bututu, masassaƙi ya yi itace, shi kuma ya naɗe ta da fata da layu. Tun ranar farko daidai shi aka yi ta.

A Amurka, garin da ya ci moriyar ambaliyar shi ne Warso ta jihar Misuri, wadda ba ta haɗa komai da babban birnin Polan ba sai suna. Ƙaramin gari ne mai mutum wajen 2,000, amma yana tsakiyar ƙasar wani itace da ake kira walnat. Wannan itace shi ne sarkin ƙotar bindiga tun ƙarnoni: yana da ƙarfi ba tare da nauyi ba, ba ya saurin tsagewa, yana karɓar sassaƙa, yana kuma shanye naushin da bindiga ke kai wa kafaɗa. Darajarsa ta kai har a 1918 shugaba Woodrow Wilson ya roƙi ƴan sikawut su bazu cikin ƙasa suna ƙidayar bishiyoyinsa, saboda ƙotoci da farfelar jiragen sama. A Warso gidan Bishop ya kafu tun shekarun 1930, sannan Reinhart Fajen ya buɗe nasa a farkon shekarun 1950, har garin ya riƙa yi wa kansa kirari da cewa shi ne babban birnin ƙotar bindiga na duniya.

Dabararsu ita ce sayar da aiki wanda bai ƙare ba. Inji ya fitar da siffar ƙotar, ya rarake gurbin ƙarfe kusan duka, sauran kuma a bar wa mai saye. Shi zai zauna a garejinsa cikin dogayen darare na sanyi, ya shafa wa ƙarfen baƙin fitila, ya kwantar da shi a gurbin, ya ɗaga, ya duba inda baƙin ya taɓa itace, ya kankare wurin kaɗan, ya sake maimaitawa, wani lokaci sau hamsin, har ƙarfe da itace su zauna kamar tare aka halicce su. Daga nan sai magagari, sai goge, sai shafin mai ɗaya bayan ɗaya. Mai haƙuri ya yi mata zanen tsaga-tsaga a mariƙi don kada hannu ya zame. Marar haƙuri kuwa zarto kawai ya sa wa ƙotar soja ya datse gabanta, ya tafi daji abinsa. Su ne suka fi yawa.

Akwai wani dalili kuma da ya tilasta sauyin, wato madubin hangen nesa. Tun daga shekarun 1930, lokacin da Bill Weaver na jihar Tekzas ya fara yin mai araha, maharba suka yi ta ɗora shi a kan bindigoginsu. Madubin yana zama sama da saitin ƙarfe, ƙotar soja kuwa an yi ta ne don idon da ke leƙen saitin ƙarfe. Wanda ya ɗora madubi a kanta sai ya ɗaga kai, kuncinsa ya rabu da itace, saiti ya yi ta rawa. Maganin shi ne ƙota mai tudu a baya, irin wadda masu harbin tattabaru suka saba da ita a Monte Karlo, kuma sunan garin ya bi ta. Roy Weatherby na Kalifoniya, wanda ya kafa kamfaninsa a 1945, ya kai abin maƙura: tudu mai tsayi, fenti mai ƙyalli kamar madubi, ado na fararen itatuwa. A ganina ya wuce gona da iri, amma kasuwa ta bi shi shekara ashirin.

Wannan zamani ya zo ƙarshe ta hanyar da ba wanda ya zata. Bindigar da aka kashe shugaba Kennedy da ita ranar 22 ga Nuwamba 1963 Carcano ce ta rarar sojan Italiya, an saye ta ta gidan waya daga wani kanti a Shikago a kan dala 19.95, har da madubinta. Dokar 1968 ta hana irin wannan ciniki, ta kuma rufe ƙofar shigo da rarar makaman soja, ba a sassauta ba sai 1984. Kafin nan lissafi ya juya. Kamfanoni sun riga sun cika kasuwa da bindigogin farauta masu sauƙin kuɗi, musamman Remington 700 da ta fito a 1962, ladan maƙeri kuma ya hau, har gyaran tsohuwa ya fi sayen sabuwa tsada.

Sai dai sake ƙota bai mutu ba, dalilinsa ne ya sauya. Da, ana cire ta don ba ta dace da jikin maharbi ba. Yanzu sai aka gane tana iya yi wa ƙarfen kansa lahani. Duk wanda ya ga ƙyauren itace ya kumbura da damina har ya ƙi rufuwa, ya kuma saki da hunturu har iska na shiga, ya san halin itace: ko an sare shi shekara hamsin, yana shan laima yana fitarwa. In gaban ƙota ya ɗan karkace ya tokari bututu, harsashi ya bar inda aka saita shi. Lissafin ba shi da wuya. Bututu mai tsawon santimita 60, in bakinsa ya kauce da rabin milimita kacal, harsashi zai kauce da kimanin santimita 8 a nisan mita 100, ninkin haka a mita 200. Wannan ya isa ya mai da harbin kisa ya zama rauni, dabba ta gudu ta mutu a wahalce inda ba mai ganinta. Mutum ya saita bindigarsa a busasshiyar ƙasa, ya tafi farauta inda ruwa ke zuba kwana uku, sai ta ci amanarsa ba tare da ya taɓa komai ba.

An nemi magani ta hanyoyi da dama. Jamusawa, tun ƙarshen shekarun 1930, da walnat ya yi musu ƙaranci, sun riƙa manna siraran falankai bisa juna suna sassaƙa ƙotar Mauser daga ciki, sai aka tarar ta fi ta itace guda jure laima. Masu gasar harbi a Amurka suka koyi rarake itacen da ke kewaye da bututu don kada ya taɓa shi ko kaɗan, har akan gwada da zura takardar kuɗi a tsakaninsu, su kuma kwantar da gidan sakata a kan wani ƙaro na masana'anta mai daskarewa kamar dutse. A 1959 Remington, wanda a lokacin yake hannun kamfanin DuPont, ya fitar da ƙaramar bindiga Nylon 66 mai ƙotar roba, ya sayar da fiye da miliyan guda. Amma babban darasi daga Biyetnam ya zo. Sojojin ruwan Amurka sun ba gwanayen harbinsu Remington 700 mai ƙotar itace a 1966, zafi da laimar ƙasar suka yi ta karkatar da ita. A waɗannan shekaru Chet Brown a Kalifoniya ya fara yin ƙota da zaren gilashi haɗe da ƙaro, Gale McMillan ya bi sahu a Arizona a 1973, kuma irin tasa sojojin ruwan suka ɗauka da suka sake ƙera bindigar a shekarun 1970. Maharba sun fara da raina ta, don ba ta da kyan gani ko kaɗan. Waɗanda ke farauta a Alaska da manyan duwatsu su suka fara saye, sauran suka biyo baya. Kafin shekarar 2000 ta shigo, gidajen Bishop da Fajen, waɗanda suka riga suka haɗe, sun rufe.

Abin mamaki, nasarar roba ita ta sake raya sana'ar. Kamfanoni sun ga mutane sun yarda da ƙota marar itace, sai suka koma zuba ta a inji da roba mafi araha, wadda ba ta kama ƙafar ta zaren gilashi ba. Bindigogi masu sauƙin kuɗi na shekarun 2000 da 2010 ƙarfensu na harbi daidai ƙwarai, amma gaban ƙotarsu na lanƙwasa in an matsa da hannu, har maharba suka laƙaba mata sunan Tupperware, wato robar ajiye abinci. Sai ga shi an koma gidan jiya: a sayi ƙarfe, a kwance ƙusoshin murɗi biyu, a jefar da abin da masana'anta ta bayar. Gidan Boyds a Dakota ta Kudu na yin ta mannannun falankai, irin dabarar Jamusawa. H-S Precision na dasa gadon alminiyam a cikin tasa. Wasu kuma sun bar siffar ƙota gaba ɗaya, sun koma ƙashin alminiyam tsurarsa wanda ake tsawaitawa ko a ɗaga makwancin kunci da murɗa ƙusa, tunanin da ya samo tushe daga kamfanin Accuracy International na Ingila, wanda Malcolm Cooper, mai zinaren harbi a wasannin Olimfik na 1984 da 1988, yana cikin waɗanda suka kafa shi. Awon da Griffin ke yi wa attajirai da makonni, yau yaro na yin sa da ɗan makulli a minti biyar. Shi kansa Remington ya karye sau biyu, a 2018 da 2020, an rufe tsohuwar masana'antarsa ta Iliyon a jihar Niyok a 2024, amma awon gidan sakatar 700 ya zama ma'aunin da masu yin ƙota da ma wasu masu ƙera bindiga ke bi.

Saura batun asara. Kowace Mauser da aka datse a gareji tana ɗauke da hatimin masana'anta da shekara, da lambobi iri ɗaya a kan ƙarfe da itace, wani lokaci da alamar rundunar da ta riƙe ta. Da yawa an goge su, an huda ƙarfen don ɗaura madubi, an jefa ƙotar a murhu. Masu tara kayan tarihi na yau suna jin zafin abin, har suna da sunan ba'a, Bubba, da suke kiran duk wanda ya yi wannan aiki. Ni dai ban ga adalci a zagin ba. Mutumin 1955 bai ga kayan tarihi a gabansa ba. Ya ga ƙarfe mai kyau cikin miliyoyi irinsa, ya ga nama ga iyalinsa, wataƙila ma shi ya ƙwato ta da hannunsa daga wanda ya so kashe shi da ita. Yawan datsewar ne ma ya sa waɗanda suka tsira suka yi daraja.

Kasuwa dai ta yanke nata hukunci. Springfield ko Mauser da ba a taɓa ba takan ninka wadda aka gyara kuɗi sau da yawa, sai fa in gyaran na gwani ne irin Griffin & Howe. Saboda haka wani sabon reshe ya fito a sana'ar: masu sassaƙa ƙotar soja sabuwa fil, mai tsawo har bakin bututu, da gurbin banati da takalmin ƙarfe, don jikan da ya gaji bindigar kakansa ya mai da ita yadda ta fito daga masana'anta. Yankan zarton nan kuwa da sojan 1945 ya ɓoye a ƙarƙashin zobe, yau masu saye kan zame zoben su nemi shi, domin yana nuna cewa a jakar soja bindigar ta ƙetaro teku.